BABI NA UKU: ƘARKON KULOCI DA SAITIN ƘAFAR MOTA A HANYOYIN ANKA DA GUMMI DA BUKKUYUM

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi bayani a kan sassa biyu na mota waɗanda suka fi shan wahala a hanyoyin yammacin Jihar Zamfara, wato kuloci da kuma abin da kanikawa ke kira ƙafar mota. Za a duba yadda kowanne yake aiki, da dalilan da ke sa ya lalace tun lokacinsa bai yi ba, da matakan da ke ƙara masa ƙarko. Haka kuma za a kwatanta motocin haya na wannan yanki da motocin tseren hanyar ƙasa, domin matsalar da direban Gummi yake fama da ita a damina ita ce masu tsere suka daɗe suna nazari a kanta, sai dai manufar kowane ɓangare daban take.

3.1 Yanayin Hanyoyin Yankin

Anka da Gummi da Bukkuyum ƙananan hukumomi ne a Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Babbar hanyar da ta haɗa su ita ce wadda ta rabu da titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci, ta bi ta Anka da Ɗaki Takwas ta isa Gummi. A Ɗaki Takwas ne kuma wata hanyar ta nufi Zuru ta Jihar Kebbi. Da zarar mota ta sauka daga waɗannan manyan hanyoyi ta nufi ƙauyuka, to galibi burji ne ko hanyar da ƙafa da amalanke suka fitar.

Gulbin Zamfara da Gulbin Ka da rassansu sun ratsa yankin, don haka akwai fadamu da rafuka da kwazazzabai masu yawa. Daga watan Yuni zuwa Satumba taɓo da ruwa ne ke tare hanya, musamman a watan Agusta. Da rani kuwa sai rairayi da ƙura da gargadar da ke fitowa a kan burji kamar kunyoyin gona. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da irin tasa ɓarnar a jikin mota.

Lalacewar mota a irin waɗannan hanyoyi ba asarar kuɗi ce kaɗai ba. A shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, mota ce ta riƙa kai ma'aikatan lafiya da kwaso marasa lafiya. Bayan haka, matsalar 'yan bindiga da ta addabi jihar tun daga wajen 2011 ta sa tsayawar mota a tsakiyar daji ta zama abin da ke iya jawo asarar rai. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ɗaukar ƙarkon kuloci da lafiyar ƙafa da muhimmanci a nan.

3.2 Dangantakar Motocin Haya da Motocin Tsere

A ƙasashen Turai akwai wani nau'in tsere da ake kira otokuros, inda ake zagaya gajeren fili na ƙasa ko tsakuwa maras kwalta. A Amurka kuwa sunan yana nufin tseren mota ɗaiɗai a tsakanin alamomin roba a kan kwalta. A duka biyun ana tashi da ƙarfi, ana kuma shan kwana mai tsanani, shi ya sa kuloci da ƙafa su ne abin da ake fara shiryawa.

Afirka ma tana da nata tarihin. Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson, ta sake lashewa a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. A shekarar 1975 ɗin ce kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, aka ci gaba da harhaɗa 504 a Nijeriya har zuwa 2006. Wato ke nan motar da ta yi suna a tseren daji ita ce ta zama motar haya da a-kori-kura a tashoshin ƙasar Hausa na tsawon shekaru. Daga baya ne motoci na hannu da ake shigowa da su daga Turai, irin su Golf da Hiace, suka karɓe yawancin aikin.

Bambancin da ke akwai shi ne, mai tsere yana shirya mota don ta yi gudu na ɗan lokaci, in an gama a sauke abin da ya cinye a sa sabo. Direban haya kuwa yana son kaya su kai shi shekara ko fiye, domin daga cinikin yini zai fitar da balas da kuɗin mai da na cefane. Saboda haka ba duk dabarar masu tsere ce ta dace da shi ba.

3.3 Yadda Kuloci Yake Aiki

Kuloci shi ne mahaɗi tsakanin inji da giyabos. Manyan sassansa huɗu ne. Na farko shi ne fulawil, wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da inji. Na biyu shi ne faifan kuloci, wanda aka lulluɓe fuskokinsa biyu da fata mai kamu irin ta birki, kuma shi ne ke juya sandar shiga giyabos. Na uku shi ne murfin matsi, mai ɗauke da sifirin da ke danne faifan a jikin fulawil. Na huɗu shi ne biyarin sakewa, wanda ke tura sifirin ɗin idan direba ya taka kuloci. Ƙarfin ƙafar direba yana isa gare shi ta waya a wasu motoci, a wasu kuma ta hanyar mai, kamar yadda yake a 504.

Idan an saki kuloci gaba ɗaya, fulawil da faifai suna juyawa tare kamar abu guda, babu gugar juna, saboda haka babu cinyewa. Idan an taka shi har ƙasa, sun rabu, nan ma babu cinyewa. Ɓarna tana faruwa ne a tsakanin waɗannan halaye biyu, wato lokacin da faifan yake sulɓi a jikin fulawil. A wannan ɗan lokaci ne wani ɓangare na ƙarfin inji yake komawa zafi. Don haka ba nisan tafiya ne ke cinye kuloci ba, yawan sulɓi ne da tsananinsa.

3.4 Abubuwan da ke Rage Ƙarkon Kuloci

3.4.1 Lodi Fiye da Ƙima

Yayin tashi daga tsaye a wuri mai shafe, zafin da ke taruwa a kuloci ya yi kusan daidai da ƙarfin motsin da motar ta samu kafin sulɓi ya ƙare. Wannan ƙarfi kuwa yana tafiya ne da nauyi. Misali, idan mota mai nauyin kilo 1,200 ta ɗauki fasinja da buhunan gero da wake ta kai kilo 2,400, to zafin kowane tashi ya ninka biyu. Idan tashin a kan tudu ne ko daga cikin kwazazzabo, ƙarin ya wuce haka. Motar ranar kasuwa da ke tsayawa a kowane ƙauye tana maimaita wannan sau da dama kafin ta isa.

3.4.2 Tashi da Giya ta Biyu da Yawan Totur

Wasu direbobi suna tashi da giya ta biyu da nufin rage shan mai. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. A giya ta biyu sai mota ta kai kusan ninki biyu na saurin giya ta ɗaya kafin sulɓi ya tsaya, ƙarfin motsi kuwa yana ƙaruwa ne da ninkin sauri sau kansa. Ke nan zafin zai kai ninki uku zuwa huɗu. Haka abin yake ga wanda ke cika totur kafin ya saki kuloci: tashi da inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya yana haifar da zafin da ya kai kusan ninki huɗu na tashi da juyi 1,500.

3.4.3 Kafewa a Taɓo ko Rairayi

Idan mota ta kafe, abin da aka saba gani shi ne direba ya riƙe kuloci rabi da rabi yana ba da wuta, yana gaba yana baya. Tayoyi sun ƙi motsi, inji yana juyawa, saboda haka ƙarfin duka yana ƙarewa a kan faifai. Cikin 'yan mintoci sai a ji ƙauri kamar na ƙonannen birki. Fatar takan yi sulɓi da ƙyalli, fulawil ya yi tabo shuɗi, sifirin murfin matsi kuma ya saki saboda zafi. Irin wannan kafewa guda ɗaya tana iya cinye abin da tafiyar watanni ba ta ci ba.

3.4.4 Ɗora Ƙafa a kan Kuloci

A hanya mai ramuka direba yakan bar ƙafarsa a kan kuloci don ya kasance cikin shiri. Ko da nauyin kaɗan ne, yana sa biyarin sakewa juyawa ba hutu, yana kuma rage dannawar murfin matsi. Riƙe mota a kan hawa da kuloci maimakon birkin hannu shi ma yana cikin wannan rukuni.

3.4.5 Ruwa da Mai da Ƙura

Ƙetare rafi yana shigar da ruwa da laka cikin ƙwaryar kuloci, musamman idan an taka shi a tsakiyar ruwa. Idan motar ta kwana biyu a ajiye bayan haka, faifan yakan manne wa fulawil saboda tsatsa. Haka kuma idan robar da ke tare baƙin mai a bayan inji ta lalace, man zai jiƙa faifai, sai ya riƙa sulɓi ko fizga. Sa sabon faifai ba tare da an gyara wannan yoyo ba ɓarnar kuɗi ce.

3.4.6 Ingancin Kaya da na Aiki

Kayan gyara na zuwa yankin daga Gusau da Sakkwato da manyan kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa ta Kano. Akwai sabo na asali, akwai na hannu, akwai kuma jabu. Tun bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, tsada ta sa mai mota yakan sauya faifai kaɗai ya bar tsohon murfin matsi. Murfin da sifirinsa ya saki ba zai danne sabon faifai yadda ya kamata ba, don haka sai a sake sauke giyabos ba da jimawa ba, a biya kuɗin aiki sau biyu. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

3.5 Hanyoyin Ƙara wa Kuloci Ƙarko

Masu tsere kan yi amfani da faifai mai fatar ƙarfe da yumɓu da aka gasa, wanda ke jure zafi ƙwarai. Amma irin wannan yana kamawa da fizga, yana cin fulawil, yana kuma wahalar da giyabos. Bai dace da motar da ke ɗaukar mutane tana tsaye-tsaye ba. Abin da ya dace a ɗauka daga wurinsu shi ne ɗabi'ar taƙaita lokacin sulɓi da kuma duba kaya kafin fita.

Ya kamata a tashi da giya ta ɗaya da totur kaɗan, a saki kuloci gaba ɗaya da zarar mota ta motsa. Idan an kafe, a sauke fasinja, a haƙe gaban tayoyi, a shimfiɗa itace ko duwatsu, sannan a tura. A cikin rairayi rage iskar taya yana taimakawa, muddin za a mayar da ita bayan an fita. Kafin shiga ruwa a zaɓi giya, kada a sauya sai an haye. A motoci masu waya da ake saitawa da hannu, a bar wa abin takawa ɗan wasa kafin ya fara turawa, gwargwadon yadda kamfanin motar ya ƙayyade. Idan za a yi gyara, a sauya faifai da murfin matsi da biyarin sakewa tare, a kuma duba fuskar fulawil.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane kulocin da ya fara mutuwa. A ja birkin hannu, a sa giya ta uku ko ta huɗu, a saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu nan take, kamu yana nan. Idan ya ci gaba da juyawa, faifai ya cinye. Wani abin lura ga kanikawa shi ne, tsofaffin fatu da wasu na jabu suna ɗauke da sinadarin asbesto, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu. Bai kamata a hure ƙwaryar kuloci da baki ko da iska ba, sai dai a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

3.6 Ƙafar Mota da Sassanta

Idan kanikawa suka ce ƙafa, suna nufin duk abin da ya haɗa taya da jikin mota: sifirin da shokazoba da hannuwan ƙarfe da boljoyin da tayarod da robobin bushin. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shokazoba kuwa aikinta hana mota ci gaba da lilo bayan ta faɗa rami. Tsarin ya bambanta daga mota zuwa mota. A-kori-kurar 504 da Hiace suna da sifirin mai falle-falle a baya. Doguwar 504 tana da naɗaɗɗen sifirin guda biyu a kowane gefen baya. Golf kuwa da tayoyin gaba take ja, saboda haka ƙafarta ta gaba ce ke ɗaukar ja da juyawa da yawancin birki a lokaci guda.

A kan gargadar burji shokazoba tana hawa da sauka ba ƙaƙƙautawa, man cikinta ya yi zafi ya yi kumfa, ƙarfinta ya ragu. Ƙura kuma tana shiga duk inda robar kariya ta yage, ta haɗu da giris ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta cinye boljoyin.

3.7 Saitin Ƙafa

Saitin ƙafa, wanda ake kira alaimen, ya ƙunshi kusurwoyi uku. Na farko shi ne fuskantar taya, wato ko gaban tayoyin biyu ya matso juna ko ya buɗe idan an dube su daga sama. Na biyu shi ne jinginar taya, wato ko samanta ya karkata ciki ko waje idan an dube ta daga gaba. Na uku shi ne kishingiɗar sandar da taya ke juyawa a kanta idan an duba daga gefe, kuma ita ce ke sa sitiyari ya dawo da kansa bayan kwana.

Fuskantar taya ita ce ta fi cin roba. Idan taya ta kauce da digiri ɗaya, to a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice na kimanin mita 17. A tafiyar kilomita 100 ke nan an goga ta a ƙasa na fiye da kilomita ɗaya da rabi. A kan ƙarfen taya mai inci 14, digiri ɗaya bai wuce bambancin kimanin milimita 6 tsakanin gaba da baya ba, abin da ido ba zai iya gani ba. Alamarsa ita ce taya ta cinye gefe guda, kuma idan aka shafa ta da hannu a ji kaifi ta ɓangare ɗaya. Irin wannan jan yana ƙara shan mai.

Masu tsere kan jingina saman tayoyin gaba ciki, su ɗan buɗe gabansu, don mota ta shiga kwana da sauri. Sun san taya za ta cinye, sun kuma yarda da hakan. Ga motar haya wannan asara ce, kuma yana sa ta yawo a kan miƙaƙƙiyar hanya. Abin da ya dace da ita shi ne ma'aunin da kamfani ya bayar.

3.8 Ɗaga Mota da Ƙarin Sifirin

Saboda ramuka da lodi, an saba a ƙara falle a sifirin baya, ko a cusa roba ko ƙarfe a ƙarƙashin naɗaɗɗen sifirin don mota ta ɗaga. Wannan yana hana cikinta dukan ƙasa, amma yana da illa. Nauyi yana komawa sama, don haka kifewa ta fi sauƙi, balle idan an ɗaura kaya a rufi. Kusurwoyin saiti suna sauyawa, kuma a mota irin Golf sandunan ja sukan karkace fiye da ƙima, robobinsu su yage. Bugu da ƙari, ƙarin sifirin ba ya ƙara ƙarfin birki ko taya ko kuloci. Duk lokacin da aka ɗaga mota wajibi ne a sake saitin ƙafa.

3.9 Tsarin Gyara da ya Dace

Saiti ba ya zama a kan ƙafar da ke da wasa. Saboda haka sai an fara ɗaga mota a girgiza kowace taya sama da ƙasa da gefe da gefe, a sauya boljoyin ko tayarod ko bushin da ya mutu. Shokazoba da sifirin ana sauya su ne biyu-biyu, hagu da dama. Kusoshin bushin kuma a ƙarasa ɗaure su bayan mota ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Bayan nan a daidaita iskar tayoyi, a tsayar da mota a wuri mai shafe, a miƙe sitiyari, sannan a auna.

Inda babu na'urar awo, zare yana wadatarwa wajen auna fuskantar taya. Ana ja shi a gefen mota daidai tsakiyar tayoyi, a tabbatar ya yi layi ɗaya da tsakiyar motar, a auna tazararsa da gaban ƙarfen taya da bayansa. Masu tsere ma suna amfani da wannan dabara a bakin fili. Sharaɗin kawai shi ne a yi awo da ma'aunin milimita, ba da ƙiyasin ido ba, kuma ƙarfen tayar kada ya kasance a lanƙwashe. Ya dace a sake dubawa bayan duk wata faɗawa rami mai tsanani, da kuma ƙarshen kowace damina. Game da tayoyi na hannu, lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefensu suna nuna mako da shekarar ƙira. Misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

3.10 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa zafin sulɓi ne ke kashe kuloci, kuma lodi da tashi da babbar giya da kafewa su ne suka fi haifar da shi a hanyoyin Anka da Gummi da Bukkuyum. An kuma ga cewa kaucewar 'yan milimitoci a saitin ƙafa tana cinye taya da mai, kuma saiti ba ya amfani sai an kawar da wasan ƙafa. Yawancin matakan da aka kawo sun danganci ɗabi'ar direba ne da tsarin aikin bakanike, ba sayen kaya masu tsada ba. A babi na gaba za a duba birki da tsarin sanyaya inji a waɗannan hanyoyi.